Na gina tauraruwar fim ɗina a kan mahaifiyata, darakta ya ce ba ta da rai

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni marubuciya ce, na jima ina rubuta gajerun labarai, bana kuma na gwada rubutun fim na farko. Labarin wata mata ce da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, ƙanin mijin kuma ya taso yana son ƙwace gidan da suke ciki. Na kai wa wani darakta, ya karanta ya dawo mini da shi. Ya ce zubin labarin ba laifi, amma mutanen ciki ba su da rai: matar ta cika kirki har ba a gaskata ta, ƙanin mijin mugu ne kawai ba dalili, sauran kuma duk bakinsu ɗaya, in aka rufe suna ba a gane mai magana. Maganar ta yi mini ciwo, domin a kan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, na gina wannan mata, kuma wallahi haka take, mai haƙuri ce. Ya ce in sa mata aibi. Ni kuwa ji nake in na yi haka na ci amanarta. Tun ranar ban sake buɗe rubutun ba. Malam, in gyara ne, ko in nemi wani daraktan?

Amsa:

Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya kai haske kabarinta.

Gyara za ki yi. Daraktan nan ya yi miki abin da ba kowa ke yi wa sabon marubuci ba: ya zauna ya karanta, ya kuma faɗa miki dalilinsa ba ɓoye-ɓoye. Da yawa cewa za su yi "za mu neme ki", shi ke nan kin ji su. Kada ki saki irin wannan mutum don maganarsa ta yi ɗaci. Sai dai ciwon ya gano daidai, maganin ne ya faɗa a gajarce. In kika ɗauki "sa mata aibi" yadda ya fito daga bakinsa, za ki je ki liƙa wa matar saurin fushi ko yawan mita, ki dawo da labarin da ya fi na farko rauni, domin aibin da aka liƙa daga waje ba ya motsa komai a cikin labari.

Bari mu fara da abin da ya hana ki buɗe rubutun.

Na yarda mahaifiyarki mai haƙuri ce. Amma ki tuna daga inda kika kalle ta. A matsayin 'ya kika san ta, uwa kuwa ba ta nuna wa 'ya'yanta komai da komai. Abin da ya iso gare ki haƙuri ne da aka riga aka gama shi, fuska a sake, murya a kwance. Abin da ta sha kafin ta fito da wannan fuska yana can inda ba ki gani. Wataƙila akwai daren da ta yi tunanin tattara kayanta ta tafi. Wataƙila akwai wanda ta yi shekaru tana gaisawa da shi tana jin zafinsa a rai. Wataƙila akwai ranar da abin da ke hannunta bai isa yara biyu ba, ta zaɓi ɗaya, ta kwana tana zargin kanta. Duk mai haƙuri haka yake, domin ba a kiran abu haƙuri sai akwai abin da ake dannewa.

Ke kin zauna da ita shekara da shekaru, kin ga abin da ya ishe ki shaida. Mai kallo ba shi da waɗannan shekaru. A tsarin rubutun fim da aka saba, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, kuma yawancin finafinai tsakanin shafi 90 ne zuwa 120. Cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu zai san matar nan ya yanke mata hukunci. In duk abin da ya gani shi ne an zage ta ta yi murmushi, an cuce ta ta ce ba komai, to ba zai ce mai haƙuri ce ba. Cewa zai yi abin ba ya damunta, in kuwa ba ya damunta, me zai dame shi?

Don haka abu na farko, ki raba matar takarda da mahaifiyarki. Ki sauya mata sana'a, ki sauya yawan 'ya'yan, ki ba ta irin maganar da mahaifiyarki ba ta yi. Ki ɗauki abu ɗaya tak daga marigayiya, wanda ya fi tsaya miki a rai, sauran ki bar wa labari. Muddin kina ganin fuskar mahaifiyarki a kowane shafi, hannunki zai ci gaba da kare matar, kuma marubucin da ke kare tauraronsa ba ya barin komai ya same shi da gaske. Af, in har shi ma ƙanin mijin yana da wanda kika kalla kika zana shi a cikin dangi, to shi ne ma ya fi buƙatar sauyawa, tun kafin fim ya fito wani ya gane kansa.

Wannan matsala taki tsohuwa ce ƙwarai. Aristotle, masanin ƙasar Girka da ya rayu tsakanin 384 da 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi nazarin wasannin kwaikwayo na zamaninsa, ya ce in aka nuna mutumin kirki tsantsa yana faɗawa cikin masifa, abin ba ya sa tausayi ko tsoro, ƙyama yake sawa. Wanda ke kama zuciyar 'yan kallo shi ne na tsaka-tsaki, wanda bai fi kowa nagarta ba, ba kuma mugu ba ne, kuskure ne ya kai shi ƙasa. Ya kuma faɗi wani abu da nake ganin ya fi wannan amfani a gare ki: halin mutum a wasa yana bayyana ne ta abin da ya zaɓa da abin da ya ƙi. Ki duba rubutunki da wannan ido. A wace fitowa ce matarki ta zaɓi wani abu? Ina kyautata zaton za ki tarar abubuwa ne ke ta faɗo mata, ita kuma tana ta jurewa, daga shafin farko har na ƙarshe. Wanda ake yi wa abu kullum, shi bai taɓa yin komai ba, ba a sanin ko wane ne shi.

Ga misali daga cikin labarinki, ba lallai ki ɗauka ba, don dai ki ga abin da nake nufi.

A ce wata rana tana kwashe kayan marigayi, sai ta ci karo da takarda a cikin wata tsohuwar jaka. Da sa hannun mijinta. Takardar ta nuna cewa lokacin ginin gidan ya karɓi kuɗi masu yawa a hannun ƙaninsa, bai biya ba har ya rasu, bai kuma taɓa gaya mata ba. Ba wanda ya san takardar na nan. Ita kaɗai ce a ɗakin, yaran na barci.

Yanzu me za ta yi? In ta fito da ita, gidan na iya tafiya, yara uku su rasa inda za su kwana. In ta ƙona ta, ta ci haƙƙin mutum, ta kuma bar mijinta da bashi a kansa. Matar da ke cikin rubutunki na yanzu, gari na wayewa za ta kai takardar, fitowa ɗaya an gama, ba wanda ya ji komai. Matar da za a gaskata kuwa za ta naɗe takardar ta mayar cikin jaka. Ba ta ƙona ba, ba ta kai ba. Ta ce wa kanta gobe. Goben ta zama mako, makon ya zama wata. A zaman sulhu a tambaye ta ko ta san da wani bashi, ta buɗe baki, ta yi shiru, sannan ta ce ita dai bai taɓa gaya mata ba. Gaskiya ta faɗa, ta kuma san ta yi ƙarya. Daga nan duk lokacin da wani ya yabe ta da riƙon amana, mai kallo zai ji abin ya soke shi tare da ita.

Ki lura, ban ƙara mata wani mugun hali ba. Son 'ya'yanta ne ya kai ta, wato abin da ya fi kyau a halinta shi ne ya jawo mata laifin. Irin wannan aibi ake nema, wanda ya tsiro daga jikin nagartar mutum. Mai kyauta ya kan bayar da abin da ba nasa ba. Mai kunya ya kan yi shiru a inda shirun zai cuci wani. Mai tsare gaskiya ya kan rasa tausayi. In daga baya matar ta fito da takardar da hannunta, a lokacin da fitowar za ta fi yi mata tsada, to a nan ne mai kallo zai yarda mutuniyar kirki ce, domin ya ga tana da wata hanyar, ya ga har ta fara bin ta, ta dawo.

Takardar nan ta gyara miki ƙanin mijin ma, ba tare da kin wahala ba. Da can mugu ne da ya ga gida ya yi kwaɗayi. Yanzu mutum ne da ya ba ɗan'uwansa kuɗi a kan amana, bai riƙe shaida ba saboda kunyar yaya, ya yi shekaru yana jira, ga shi duk dangi na kallonsa a matsayin mai cin dukiyar marayu. A idonsa shi aka zalunta. Wannan ba zai hana shi mugunta ba. Yana iya tsorata yara, ya yi wa matar ƙazafi, ya wuce gona da iri har ya nemi abin da ya fi bashinsa. Amma kowace mugunta tana da tushe, kuma ya fi ban tsoro a haka, domin mai ganin yana da gaskiya ba ya gajiya. Alfred Hitchcock, daraktan nan ɗan Ingila, a hirar da François Truffaut na Faransa ya yi da shi a 1962, ya nuna cewa gwargwadon ƙarfin mugu a fim, gwargwadon nasarar fim ɗin. Ki zauna ki rubuta shafi biyu da bakin wannan mutum, yana ba abokinsa labarin rigimar tun daga farko. Ba don ya shiga fim ba. In kika gama ba ki ji ko ɗan tausayinsa ba, ki sake.

Akwai ma'aunin da nake so ki riƙe. E. M. Forster, marubuci ɗan Ingila, ya gabatar da laccoci a Jami'ar Kambirij a 1927, aka buga su littafi a shekarar. A ciki ya kasa taurarin labari gida biyu: masu fuska ɗaya, waɗanda jimla guda ta isa ta bayyana su, da cikakku. Ya ce ana gane cikakken tauraro ne in zai iya ba ka mamaki ta hanyar da za ka gamsu. Sharuɗɗa biyu ke nan, kuma sababbin marubuta sun fi faɗuwa a na biyu. In matarki ta ɓoye takarda, dole mai kallo ya ce "kai!" sannan nan take ya ce "lallai za ta iya". Wannan "za ta iya" tun farkon fim ake shuka shi. Ki nuna ta a minti goma na farko tana rufa wa ɗanta asiri a kan wani ƙaramin laifi, tana faɗa wa malaminsa rabin gaskiya. Abu ne da ba wanda zai kula da shi a lokacin, amma ya zauna. Hali zanen dutse ne, in ji masu magana, kuma 'yan kallo sun yarda da haka: za su karɓi sauyi daga tauraro, ba za su karɓi sabon mutum da ya faɗo daga sama a shafi na 70 ba.

Forster bai raina masu fuska ɗaya ba, ke ma kada ki raina su. Maƙwabciya mai gulma, magatakarda mai son a jira shi, waɗannan hali ɗaya ya ishe su. Fim ba zai ɗauki cikakkun mutane goma ba. Biyu ko uku ki zurfafa, sauran ki ba kowa alama ɗaya mai kaifi ki wuce.

Sai batun bakinsu ɗaya. Dalilinsa a mafi yawan lokuta shi ne duk bakin marubuci suke magana da shi, kuma aikin da ya ba su shi ne su yi wa mai kallo bayanin labari. Shi ya sa za ki ji ɗa yana ce wa uwarsa, "Kamar yadda kika sani, babanmu ya rasu wata shida da suka wuce ya bar mu mu uku." Wa ke magana haka? Maganin yana wurin 'yan wasa. Konstantin Stanislavski, wanda shi da abokin aikinsa suka kafa shahararren gidan wasan kwaikwayo na Mosko a 1898, ya koya wa 'yan wasansa su tambayi kansu a kowace fitowa: me wannan mutum yake so a nan, yanzu, daga wanda ke gabansa? Ki yi wa kowane tauraro wannan tambaya kafin ki sa masa kalma a baki. Mutum biyu masu buƙata daban ba za su yi magana iri ɗaya ba. Kuma mutane ba kasafai suke faɗin abin da suke so kai tsaye ba, kewaye suke yi. Ƙanin mijin ya shigo, ba zai ce "na zo ƙwace gida" ba. Zai ɗaga kai ya kalli rufi ya ce, "Wannan kwanon ni na zaɓo shi, kin sani?" Ita kuma ta ce, "Yaran sun yi ta tambayarka." Shi yana cewa da kuɗina aka yi, ita tana cewa ka tuna 'ya'yan ɗan'uwanka ne, ba wanda ya ambaci gida.

Bayan buƙata sai ɗabi'ar baki. Wani gajerun jimloli yake yi, wani sai ya yi shimfiɗa. Wani tambaya yake amsawa da tambaya. Wani ba ya kiran sunan wanda yake jin haushi. Babbar 'yar, mai shekara sha shida, ba za ta yi magana kamar ƙaninta mai shekara tara ba, kuma yadda take magana da uwarta daban ne da yadda take yi da ƙawarta. Ki samu mutum uku ko huɗu su karanta miki rubutun da ƙarfi, ke kina gefe ba ki cewa komai. Duk inda mai karatu ya yi tuntuɓe, ko ya gyara jimla da kansa ba da saninsa ba, ki sa alama. Kunne na kama abin da ido ya wuce.

Za ki ci karo da masu ba da shawarar a cike dogon jadawali a kan kowane tauraro: tsawonsa, launin da yake so, ranar haihuwarsa. Asalin abin yana da ma'ana. Lajos Egri, haifaffen ƙasar Hangari da ya koyar da rubutun wasa a Amurka, ya yi bayani a littafinsa na 1946 cewa mutum a labari yana da ɓangare uku, jikinsa da matsayinsa a cikin jama'a da abin da ke ransa, kuma kowanne yana shafar sauran. Amma ni a ganina an mayar da abin aikin cike fom. Sanin launin da matarki take so ba zai rubuta miki fitowa ko ɗaya ba. Sanin abin da take tsoron a gane game da ita zai rubuta miki goma.

Tun da daga gajerun labarai kika fito, akwai tarkon da ke jiranki. A labarin karantawa kina iya shiga zuciyar mace ki yi shafi uku a ciki. Kyamara ba ta shiga zuciya. In kika rubuta "ta ji nadama ta lulluɓe ta", darakta zai tambaye ki me zai ɗauka. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a fim fuskar ma ba ita kaɗai ke aiki ba. Lev Kuleshov, mai shirya fim a Rasha, ya yi wani gwaji da ya shahara wajen shekarun 1920: ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa guda, wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da hotuna daban-daban, sau ɗaya da kwanon abinci, sau ɗaya da gawa a akwati, sau ɗaya da wata mace. Masu kallo suka riƙa ganin yunwa, da baƙin ciki, da sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce. Abin da wannan ke gaya wa marubuci shi ne mai kallo da kansa yake cike abin da ke ran tauraro, in an ba shi abin da zai haɗa. Ki nuna jakar a saman kabad, ki nuna matar tana shara ta kewaye wurin ba ta ɗaga kai ba. Ba sai ta yi kuka ba, ba sai ta yi magana da kanta ba.

Kada ki sake rubuta fim ɗin gaba ɗaya tukuna. Ki zaɓi fitowa uku: wadda aka fara ganin matar, wadda ta tsaya tsakanin abu biyu da kowanne zai ci mata wani abu, da wadda ta haɗu da ƙanin mijin su biyu kawai. Ki rubuta su sabo, ki cire sunayen masu magana daga ta ukun, ki koma wurin daraktan nan da su. Ki roƙe shi ya gaya miki wa ke magana a kowane layi, da kuma abin da yake zaton matar za ta yi a fitowa ta gaba. In ya gane masu maganar amma ya yi jim a kan tambaya ta biyu, ki ci gaba da sauran shafukan.

In kuma kika zauna kika ga har yanzu hannunki ya ƙi, duk da kin sauya suna da sana'a, to kada ki tilasta. Rashin uwa ba ya bin jadawalin kowa. Ki ajiye wannan labari, ki rubuta wa mahaifiyarki abin da kike son rubuta mata a wani wuri daban, yabo tsantsa, wanda ba darakta da zai sa masa baki. Ki fara koyon aikin da wani labarin da mutanensa ba su haɗa jini da ke ba, wannan kuma ki dawo masa bayan shekara ɗaya ko biyu. Allah ya taimaka, ya yi wa alƙalaminki albarka.